Kwana nawa za mu iya? Littafin shirin ko-ta-kwana na gidanmu

6 ga Janairu, 2025

Yau na fara rubuta wannan abu a sauran shafukan wani tsohon littafin makarantar babban yarona. Dalili kuwa abin da ya same mu watan jiya ne, wanda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Famfo ya ɗauke kwana uku, wuta ma babu, a dare na biyu auta ta fara amai da gudawa, na tashi zan haɗa mata ruwan gishiri da sukari sai na tarar ruwan da ya rage a gidan bai fi rabin bokiti ba kuma shi ɗin ma ba wanda zan yarda in ba yarinya bane, tocila batir ya mutu, wayata saura kashi 4, ta Baban yara a mace. Da gari ya waye aka je sayen magani sabis ya ƙi, transfa ta ƙi tafiya, a hannu kuma ko sisi. Allah ya taimaka yarinya ta warke. Amma Hajiya, mahaifiyar Baban yara da ke zaune tare damu, ta dube ni tace "'yar nan, ba a fafe gora ranar tafiya." Ba faɗa tayi min ba, amma maganar ta zauna min a rai.

Mu shida ne a gidan, ni da shi da Hajiya da yara uku. Kuɗin shiga ɗaya ne kuma kafin ƙarshen wata ya ƙare, don haka maganar in je in kwaso kaya buhu buhu bata ma taso ba. Abin da na yanke shi ne komai zan riƙa auna shi da kwana. In yau aka ce ba ruwa ba wuta ba fita, kwana nawa za mu iya? Na zagaya gidan na ƙirga. Ruwan sha, rabin yini. Abinci, kwana huɗu in an matsa. Haske, babu. Tsabar kuɗi, babu. Maganin hawan jinin Hajiya, saura na kwana biyar.

13 ga Janairu

Da ruwa na fara don shi ne ya fi bani tsoro. Hukumomin agajin gaggawa na Amurka suna cewa a ajiye galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana, wato wajen lita 4, na aƙalla kwana uku, in da hali ma na sati biyu. Mu shida sau 4 sau kwana 3 ya kama lita 72 kenan. Jarka huɗu masu lita 20 sun rufe. Sai dai wannan adadin na sha ne da ɗan girki da ɗan wanke hannu, ba wanka a ciki ba wanki. Ƙa'idojin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi a sansanoni sun sa lita 15 ga mutum a rana, in na bi wannan to lita 270 nake buƙata, kuma bani da wurin ajiye su balle kuɗin mazubin. Don haka 72 ɗin tukuna.

Jarka biyu dama muna da su. Na wanke da sabulu na ɗauraye sosai, sannan na zuba ƙaramin cokali ɗaya na bilic, ruwan nan na faranta kaya da kashe ƙwayoyin cuta, cikin lita ɗaya na ruwa, na juye a ciki na rufe na girgiza yadda zai taɓa ko'ina har marfin, na bar shi kamar rabin minti na zubar, na kife suka bushe. Bilic ɗin dole ya zama na zallan, wanda ba ƙamshi ba sabulu ba kala a ciki, kuma a duba jikin robar a ga ƙarfinsa, tsakanin kashi 5 zuwa 9 ake so. In ruwan da za a zuba ba a tabbatar da tsabtarsa ba, ɗigo biyu ake sa wa kowace lita, jarka mai lita 20 ɗigo 40 kenan, kusan rabin ƙaramin cokali, a girgiza a jira minti 30, ya kamata a ɗan ji warinsa kaɗan. In ruwan ya gurɓace sai a bari ya kwanta a tace da tsumma mai tsabta sannan a ninka ɗigon. Na rubuta wannan a takarda na liƙa a bango kusa da jarkokin saboda ranar da ake cikin ruɗani kai baya riƙe lissafi, na gani da idona.

Tafasawa ta fi komai tabbas, in ya tafasa yana ɓulɓulowa minti ɗaya ya isa, masu zama kan tsaunuka sama da mita 2,000 su ne ake cewa minti uku. Matsalarta dai tana cin makamashi, kuma ranar da ba ruwa sau da yawa makamashin ma lallaɓa shi ake yi.

Na rubuta kwanan wata a jikin kowace jarka da maka, bayan wata shida a canza. Yanzu muna da lita 40, kwana ɗaya da rabi da 'yan kai.

19 ga Janairu

An bani jarka kyauta amma man girki aka taɓa zubawa a ciki, na wanke sau uku warin bai fita ba, na mayar da ita ta ruwan wanke wanke. Wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari kam ko kyauta ce kar a karɓa, roba tana shanye abin kuma wanki baya fitar da shi.

2 ga Fabrairu

Maganar kuɗi. Sati uku nayi ina rubuta duk abin da ya fita daga hannuna komai ƙanƙantarsa, kuma gaskiya manyan kashe kuɗin ba su bani mamaki ba don na san da su, ƙananan ne suka kashe min jiki. Data da nake saya kullum kullum maimakon ta wata, lemon roba in na fita, sabulu da omo ƙulli ƙulli wanda in ka haɗa ya fi babban tsada, sai abincin da ke saura a tukunya ya lalace saboda ina dafawa da ido ba da awo ba. Wannan na ƙarshen ya fi min ciwo, don abu ne da aka riga aka biya kuɗinsa aka ƙona gas a kansa sannan ya tafi shara.

Mun zauna da Baban yara da daddare bayan yara sun kwanta. Da farko cewa yayi "ke dai kin cika tsoro, abin da ake ci ma bai isa ba ina ake da na ajiyewa?" Nace masa ba ƙari nake nema ba, cikin wanda yake bani ɗin nan zan cire kashi ɗaya cikin ashirin, ranar da ya shigo hannuna ba ranar da ya kusa ƙarewa ba, don in aka ce sai abin da ya rage to ba abin da ke ragewa. Yayi shiru sannan yace "to Allah ya taimaka, ni zan ɗauki nauyin jarka biyun da suka rage." Hakan ma ya min.

Masu ba da shawara kan kuɗi suna yawan cewa a ajiye abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida. Shawara ce mai kyau amma ga mai irin samunmu in ka sa wannan a gaba karaya kawai za ka yi ka bari tun baka fara ba. Ni burina na farko kuɗin cefanen kwana bakwai, tsaba, ƙananan takardu saboda ranar matsi ba mai baka canji.

16 ga Fabrairu

Abinci. Anan ma lissafi nayi kafin in sayi komai. Ƙungiyoyin agaji suna amfani da kalori 2,100 ga mutum a rana wajen tsara rabon abinci. Mu shida ya kama 12,600, duk da yara ƙanana basa cin haka. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana da wajen kalori 3,600, na busasshen wake wajen 3,400, lita ɗaya ta man girki ta haura 8,000. Kenan shinkafa kilo 2 da wake kilo 1 da kwatan litar mai sun kai na rana ɗaya. Na sati kuwa kilo 14 da kilo 7 da mai kusan lita 2. Abin da ya ban mamaki shi ne man, ɗan ƙaramin wuri yake ci amma ƙarfin da ke cikinsa ya fi ninki biyu na hatsi, don haka wanda ya tara hatsi ya manta mai bai gama ba. Sai gishiri da sukari, su kam basa lalacewa in dai danshi bai taɓa su ba.

Ba zan iya sayen wannan a tashi ɗaya ba, to dabarar da nake yi ita ce duk sanda zan ɗora tukunya sai in ɗebi ƙaramin kofi ɗaya daga awon in juye a robar ajiya. Sati biyu kenan ba wanda ya tashi da yunwa, ba wanda ma ya lura sai Hajiya, ita kuma cewa tayi da yayyafi kogi kan cika. Doka ɗaya na sa wa kaina, ba zan ajiye abin da ba ma ci dama ba. In ka sayi wani baƙon abu don kawai ance yana daɗewa, zai zauna har ya lalace, ranar buƙata kuma yara su ƙi shi.

1 ga Maris

Jarka huɗu sun cika, lita 80. Alhamdulillah.

Na sayi tocila biyu masu batir, ba masu caji ba, don masu caji in wuta ta kwana biyu bata zo ba sun zama kwalliya. Batir ɗin a waje nake ajiye su cikin leda ɗaure da jikin tocilar, saboda in suka daɗe a ciki suna tsiyaya su cinye ƙarfen, haka tsohuwar tamu ta mutu ashe. Kyandir na cire shi daga lissafi gaba ɗaya, gida mai yara uku da labule da katifa bana son wuta mai harshe. Fawa banki kuma ƙanwata ce ta bani nata tsoho, an rubuta 10,000 a jiki, wato yawan cajin da batirinsa ke ɗauka.

15 ga Maris

Jiya muka yi gwaji kuma wannan ne abu mafi amfani da nayi tun da na fara. Daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na yamman washegari muka kashe wutar gidan daga tushe, muka ɗaure kan famfo da tsumma don kar a manta, ba sayen komai a waje. Na shiga gwajin ina ganin mun shirya, na fito da shafi biyu na abin gyara.

Na farko ruwa. A lissafina lita 24 za mu kashe a yini, muka kashe 58. Sha da girki ba su wuce yadda na zata ba, banɗaki da wanke kwanuka da wanke wa auta jiki su suka kwashe sauran. Wato lita 80 ɗin da nake alfahari da ita in aka haɗa komai da komai ko kwana biyu bata kaiwa. Don haka dole a raba, jarkoki na sha da girki ne kawai ba mai taɓa su, ruwan amfani kuma a nemi duro mai marfi, marfin kuma mai kamawa saboda sauro da kuma yara, ƙaramin yaro a ruwa kaɗan ma yana iya nutsewa. Na kuma lura ruwan ɗaurayar kwano da na wanke hannu in aka tara a bokiti ya isa kora banɗaki, da mun yi haka tun farko da mun rage da yawa.

Na biyu tocila. Na ajiye su a wuri mai kyau, sai dai ni kaɗai na san wurin. Da duhu yayi ina banɗaki da auta, Baban yara yana ta lalube yana kira, Hajiya kuma ta taso za ta fito ta bugi kujera, Allah ya tsare bata faɗi ba. Yanzu ɗaya tana rataye a ƙusa bayan ƙofar falo, ɗaya a gefen gadon Hajiya, kuma na sa yaran kowa ya rufe ido ya je ya taɓo ta har sau biyu.

Na uku fawa banki. Ni na ɗauka 10,000 zai cika waya mai 5,000 sau biyu. Ina, sau ɗaya da ɗan ƙari ya yi ya mutu. Ashe lambar da ke jiki ta batirin ciki ce, wajen juya wutar zuwa abin da waya ke karɓa wani kaso yana tafiya a zafi, abin da ke isa waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, ga shi kuma tsoho. To maganin dai a rage cin wayar, a kashe data a rage hasken fuska, waya ɗaya a kunne ɗaya a kashe, kuma saƙon tes ya fi kira saurin wucewa in layi ya cushe.

Firij kuwa na riga na san ƙa'idar, in ba a buɗe ba yana riƙe sanyi wajen awa 4, firiza in cike take awa 48, in rabi ce awa 24. Sanin bai hana yara buɗewa ba sau wajen goma neman ruwan sanyi, sai da na ɗaure hannun da igiya. Yanzu duk gurbin da ya rage a firiza ina cusa robobin ruwa su ƙanƙare, suna riƙe sanyin kuma in sun narke ruwan sha ne.

Sai abin da ya fi tayar min da hankali. Na tambayi babban yarona lambar Babansu yace tana cikin waya. Na tambayi kaina lambar ƙanwata, nima ban sani ba. In waya ta mutu ko ta ɓace shikenan mun yanke da kowa. A daren muka rubuta lambobi takwas a kwali, kwafi uku.

29 ga Maris

Satin nan makamashi nake bi. Na fara jiƙa wake tun dare, kuma na gwada girkin ruf da bargo, wato ka tafasa abinci sosai sannan ka sauke tukunyar da marfinta ka naɗe da tsohon bargo ka cusa a kwali ka rufe, zafin da ke ciki shi zai ƙarasa. Shinkafa na bari ta tafasa minti biyar na naɗe, kafin awa ɗaya ta nuna kuma bata kama ba. Wake minti ashirin a wuta sannan awa uku a bargo. Na farko da nayi bai yi ba don tukunyar rabi ce, sai da na gane tukunya cikakkiya ta fi riƙe zafi. Abin kiyayewa kar a bar shi har ya koma ɗumi ɗumi, abinci in ya sauka ƙasa da digiri 60 ƙwayoyin cuta suna samun wurin yaɗuwa, in ya daɗe a sake tafasawa kafin a ci. Silindar da ke mana sati uku yanzu ta shiga na huɗu bata ƙare ba.

Na kuma duba tiyon gas da ruwan sabulu, ka shafa a mahaɗa in ya yi kumfa yana tasowa to yana yoyo. Namu ya yi a wajen kan silinda, aka canza. Na koya wa yara in suka ji warin gas kar a kunna ko kashe makunnin wuta kar a ƙyasta komai, a rufe kan silinda a buɗe ƙofa da taga a fita, kuma shi gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In mai ya kama a kasko kuma marfi ake kifawa a kashe wuta, ruwa kam ko kusa.

Akwai wata magana da muka ɗan ja da Baban yara. Yace in gas ya ƙare ranar ruwan sama ai sai a shigo da murhun gawayi kicin a rufe ƙofa. Nace "don Allah Baban yara wannan kam a'a." Gawayi da janareta duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, bata da wari bata da kala, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya ya ɗauka gajiya ce ya kwanta, in barci yake ma ba zai ji komai ba, haka ake wayar gari a tarar da gida guda. Janareta ana cewa ya yi nisan aƙalla mita 6 daga gini, nesa da ƙofa da taga. Ya ce ya ji, har shi da kansa ya gyara wata 'yar rumfa a waje inda iska ke wucewa.

20 ga Afrilu

Asara. Na buɗe robar wake na tarar ƙwari sun huda kusan rabi, kilo uku da na tara kofi kofi. Na zauna a ƙasa na kusa kuka wallahi. Kuskuren shi ne marfin baya kamawa sosai kuma kullum ina buɗewa in ƙara sabo, su kuma ƙwayayen ƙwarin tun daga gona ko rumbu suke zuwa a jikin waken, jira kawai suke. Na shanya a rana na tsince wanda ya tsira muka fara ci da shi.

Yanzu na canza tsari. Ƙaramar roba ta tarawa daban, in ta cika sai in sa a firiza kamar sati ɗaya in wuta ta yarda, in fito da shi ya huce ya bushe sarai, sannan in ɗura a robobin ruwa busassu har wuya in ɗaure marfi tam, in iska bata shiga ƙwarin da kansu suke mutuwa. Kowace roba da kwanan wata, kuma tsohuwa ake fara ci, sabuwa ta koma baya. Maganin ƙwari a cikin abin da yara za su ci kuwa ban yarda da shi ba sam.

4 ga Mayu

Akwatin magani, tsohuwar robar ajiye abinci ce mai marfi. A ciki akwai farasitamol na manya da na yara, fakitin ORS shida wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙwayar zinc, bandeji, filasta, auduga, almakashi, abin auna zafin jiki, sabulu. Na kwafa a marfin cewa babba kar ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, na yara kuma da nauyinsu ake bi kamar yadda aka rubuta a kwalba, asfirin kuwa ba a ba yara.

In fakitin ORS ya ƙare, haɗin gida shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe ba tuli ba, gishiri rabin ƙaramin cokali, kuma bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. Gishirin in ya yi yawa cutarwa yake, shi ya sa na ɗaure cokalin awon da zare a jikin robar tare da kwalbar da na tabbatar lita ɗaya ce. Zinc kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF tun 2004 suka ce a riƙa haɗa wa yaro mai gudawa na kwana 10 zuwa 14, ni da na sani watan Disamba da ban tsaya kan ruwan kawai ba. Amma in yaro ya kasa sha, ko ido ya zurma, ko ya yi laushi baya kuzari, ko akwai jini a bayan gida, to asibiti kai tsaye, duk wannan na riƙon ƙwarya ne.

Ƙuna kuma mun sha muhawara da Hajiya don ita ta saba a shafa wani abu nan take. Nace "Hajiya ku yi haƙuri, yanzu abin da likitoci ke cewa a sakar wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba mai ba man goge baki." Tace to ita dai ta ji, amma minti ashirin da yawa. Da yawa kam, shi ya sa na rubuta.

Maganin hawan jininta shi ne har yanzu ban samu yadda nake so ba. Abin da muka iya shi ne a daina jira sai ya ƙare, in ya rage na kwana goma a sayo, kuma na rubuta sunansa da awonsa a kwalin lambobin nan.

27 ga Mayu

Na kwana biyu ban rubuta ba. Albashin Baban yara ya makara kwana goma sha shida. Mun cinye shinkafar ajiya kusan duka, wake ya ƙare, mai saura kaɗan, kuɗin da na tara na kwana shida ya koma na kwana ɗaya don maganin Hajiya da kuɗin motar makaranta daga ciki suka fita. Ranar da na buɗe robar farko raina bai so ba, gani nake wata huɗu na wahala zai tafi a banza, ni ambaliya ko gobara nake hangowa. Baban yara ne yace "to in ba don irin wannan ranar ba don wace rana kika tara?" Kuma gaskiyarsa. Bamu ci bashi ba ko na kwabo, yara basu ma san an shiga wani hali ba, wannan ne karo na farko da albashi ya makara ban je na tsaya gaban kowa ina murza hannu ba.

Da kuɗin suka shigo shi da kansa ya ware wani abu ya miƙo min yace a mayar da na ajiya. Na koma kofi kofi daga farko.

15 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi shekaranjiya har ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, bai yi ɓarna ba amma ya tuna min takardu. Takardun haihuwa, katin shaida, katin rigakafin yara, takardun makaranta, yarjejeniyar haya, duk a ƙasan akwati suke a ƙasa. Na haɗa su a leda biyu mai zif na sa a jaka ɗaya na rataye sama, na ɗauki hoton kowanne a waya na tura wa ƙanwata, fotokofi kuma sai wata mai zuwa. A jakar na ƙara tocila ƙarama, kwalin lambobi, kayan sawa ɗaya ɗaya na yara, maganin Hajiya na kwana uku. Na ɗaga na ji nauyin, zan iya ɗauka da auta a baya.

Na ja wa babban yarona kunne sosai don shi mai son shiga ruwa ne. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, iya idon sawu da ɗan ɗori, yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota, ga ramin da ba a gani ga wayar wuta da ta faɗo. Mun kuma tsayar da wurin haɗuwa guda ɗaya in abu ya faru muna warwatse, da wanda kowa zai kira in bai samu ɗayanmu ba.

13 ga Yuli

Wata shida cif da cika jarkokin farko, yau na juye su a duro na wanki na wanke na sake cikawa na canza kwanan wata. Ruwan bai canza wari ba. Bilic ɗin ne na saya sabo ƙarami don ƙarfinsa yana raguwa in ya daɗe, tsohon ya koma banɗaki. Ɗaya daga cikin batiran tocila ya fara fari a baki, na cire.

Ƙirgan yau. Ruwan sha kwana uku, ruwan amfani duro ɗaya wajen kwana biyu. Abinci kwana biyar bayan wanda muke ci, wake ne ke baya. Haske akwai, batir saiti biyu. Tsabar kuɗi na cefanen kwana huɗu. Maganin Hajiya na kwana goma sha biyu. Gas ba na ajiya, gawayi rabin buhu a rumfa.

Saura fotokofi, saura na'urar nan mai ƙara in ta ji hayaƙi wadda nake so a sa a hanyar ɗakunan kwana, na tambaya kuɗinta ya kai cefanen kwana biyu don haka sai dai watan gobe ko na bayansa. Gwaji na biyu kuma mun sa shi ƙarshen watan nan, awa 48 wannan karon, Baban yara yace shi zai riƙe littafin ya rubuta litocin da aka kashe.